Motar lantarki a Abuja: kafin ka saki ta mai, ga lissafin da ya kamata ka fara bugawa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, da wuya ka zauna a majalisa a Abujan nan a tashi ba a taɓo zancen mota ba. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta je 617, kafin 2024 ta ƙare har ta tsallake dubu. Wasu sun ajiye manyan motocinsu sun koma shiga ta haya, wasu sun kai an juya musu zuwa gas, wasu kuma ido ya koma kan motar lantarki, musamman yanzu da muke ganin motocin lantarki 'yan China jifa-jifa a Wuse da Maitama suna wucewa shiru kamar ba a tayar ba.

Kwanaki wani dattijo maƙwabcinmu a Kubwa ya tsare ni bayan isha'i yake cewa, "Malam, kai da kake bin waɗannan abubuwan, wai da gaske ne caji ɗaya tana yin kilomita 500? In dai haka ne ai gara in saki wannan Camry ɗin in huta da gidan mai." Na ce ranka ya daɗe, za a iya rubuta 500 a takarda kuma ba ƙarya aka yi ba, amma ba daga nan ake fara tambaya ba. Tambaya ta farko ita ce, a ina motar zata rinƙa kwana, kuma wace irin wuta ce a wurin. Wannan amsar da na ba shi a tsaye ita nake son in warware a nan, don na lura mutane da yawa suna shirin zuba miliyoyi a kan lamba ɗaya da dila ya faɗa musu, wasu kuma sun yanke hukunci wai motar lantarki ba ta ƙasar nan ba ce sam, su ma ba su buga lissafi ba.

Yunit ɗin mitar gidanka shi ne litar motar

Duk mai mitar kati ya riga ya san ma'aunin, bai dai san ya sani ba. Yunit ɗin nan da kake saya ka loda, shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Da shi ake auna girman batirin mota. In aka ce mota batirinta 60 ne, ana nufin yana ɗaukar yunit 60, shi ne tankinta. Kilowat kuma shi kaɗai ba tare da awa ba, ƙarfin zubowar wutar ne, kamar faɗin bakin tiyo. To mutane suna haɗa biyun nan su rikice, dila ya ce maka "150 ce" ka ɗauka batir yake nufi alhali ƙarfin inji ko saurin caji yake faɗa.

Shan mota kuma, yadda muke cewa wance tana shan lita kaza, ita ta lantarki ana cewa yunit nawa take ci a kilomita 100. Ƙananan motoci da matsakaita suna cin tsakanin 13 zuwa 18, manyan masu kama da jif suna haura 20. Wannan lambar ita ce ta fi muhimmanci a wurina, fiye da girman batir, domin ita zaka rinƙa biya kullum. Mota mai katon batir mai kuma ci da yawa tana nan kamar mai katon tanki da ke zuƙar mai, nisan tana kaiwa amma aljihu ne ke ji, kuma cajinta ya fi daɗewa.

Me ya sa ake cewa ta fi ta mai tattali? Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9. Amma injin mai ba ya kai ko kashi ɗaya cikin uku na wannan ƙarfin ga taya, sauran zafi ne yake zama ya fice ta lagireto da salansa, shi ya sa baka iya ɗora hannu a kan inji bayan tafiya. Ita ta lantarki sama da kashi uku cikin huɗu na wutar da ta sha yana isa taya. Motar da ke shan lita 9 a kilomita 100 ta ƙona ƙarfin yunit 80 kenan, ta lantarki ta yi wannan tafiyar da 16. Wannan ba talla ba ce, haka abin yake.

Sai dai akwai wani ɗan ɓoyayyen kaso da allon mota ba ya nuna maka. Wutar da ta bar mitarka ba dukkanta ke shiga batir ba, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana tafiya a zafin caja da waya. Don haka in allo ya ce 16, kai a mitarka 18 ka biya. Ka riƙe 18 ɗin nan, zamu dawo kanta.

Kilomita 500 ɗin nan, wa ya auna?

Nan ne aka fi yi wa mutane rufa-ido, wani lokacin ma shi dilan bai sani ba. Nisan da ake rubutawa a jikin takardar mota ba a hanyar Lokoja aka auna shi ba, a ɗakin gwaji ne, kuma ma'aunan sun bambanta. Turai suna da WLTP, Amurka suna da EPA, China suna da CLTC. Na China shi ya fi kowa faɗaɗa lamba saboda gwajinsu tafiyar cikin gari ce a hankali, na Amurka shi ya fi kusa da abin da zaka gani da idonka.

Ga misali ɗaya da ya isa. BYD Atto 3, wadda a China ake kira Yuan Plus, mai batir ɗin yunit 60 da ɗan ɗoriya, a China an rubuta mata kilomita 510, a Turai an rubuta 420. Mota ɗaya, batir ɗaya. To yawancin motocin da ake shigo mana da su kai tsaye daga China da lambar China suke zuwa, in ka ji 500 ka tambaya da wane ma'auni, in na China ne ka cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu a ranka kafin ma ka kunna esi ka ɗauki iyali da kaya a but. Sannan babu mai hankalin da zai tuƙa har batir ya kai sifili a ƙasar da ba ko'ina ake samun caja ba, dole ka bar ko da kashi 15 na ko-ta-kwana. Ka ga 510 ta dawo wajen 320 zuwa 350 na amfanin gaske.

Tana son gari, babbar hanya ce ke gajiyar da ita

Wannan ya saɓa da abin da muka saba. Motar mai a cunkoso take shan wahala, a babbar hanya take sakewa. Ta lantarki akasin haka ne. In ka tsaya a cunkoson Nyanya da Mararaba na safe, injinta ba ya juyawa sam, esi kawai ke ɗan ci, ba kamar ta mai da ke ƙona fetur tana tsaye wuri ɗaya ba. Kuma duk lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taɓa birki, injin yana juyewa ya zama kamar janareta, ya mayar da wani ɓangare na ƙarfin cikin batir. Shi ya sa ma takalmin birkinta ke daɗewa bai cinye ba.

Amma ka hau hanyar Kaduna ka danna 130, nan zaka ga allo yana zubewa. Iskar da mota ke turewa tana ƙaruwa ne ninki-ba-ninki, in ka ninka gudu sau biyu turjiyar iska ta ninka sau huɗu. Motar da ke cin 15 a gari tana iya cin 21 ko 22 a irin wannan gudun.

Mu ɗauki Jos, tunda da yawanmu muna hawa can hutu ko ganin gida. Daga Abuja ta Keffi da Akwanga tafiyar bata kai kilomita 300 ba amma ta kusa, kuma Jos tana kan tudu mita 1,200 da wani abu, ta fi Abuja da wajen mita 700 zuwa 800. Ɗaga mota mai nauyin kusan tan biyu zuwa wannan tsayin shi kaɗai yana cin kusan yunit 4, kuma mafi yawansa a Hawan Kibo ne, wato a ƙarshen tafiya lokacin da batir ya riga ya yi ƙasa. Mai batir 60 in ya yi gudun hankali, 90 zuwa 100, zai isa da saura. In ya yi irin gudun da direbobinmu ke yi, zai hau Kibo zuciya na dukan uku-uku. Dawowa kuma abin daɗi ne, a gangaren zaka ga lambar batir tana ƙaruwa maimakon raguwa. Amma kafin ka dawo sai ka cika a Jos, kuma tambayar ita ce a gidan wa, da wace wuta. Kaduna kusan kilomita 190 ce, zuwa ba matsala, zuwa da dawowa a caji ɗaya kam kar ka sa rai. Kano ta haura 400, wannan sai an tsaya a hanya.

Caji iri uku ne, kuma bakin ba ɗaya ba

Na farko soket ɗin bango na gida. Cajar da ke zuwa da mota tana jan wajen kilowat 2. Cika batir 60 daga ƙasa awa 30 kenan, kuma wannan lambar ce ke tsorata mutane su ce ai ba zai yiwu ba. Amma wa ya ce kullum daga ƙasa zaka cika? Mai zuwa aiki daga Kubwa zuwa Sakatariya ya dawo, da ɗan kai yara makaranta, wajen kilomita 60 yake yi a rana, yunit 11 kenan, awa biyar zuwa shida a soket. Motar ana yi mata ne kamar waya, ka dawo ka jona, ba sai ta mutu ba. Sai dai don Allah kar a jona a kan soket ɗin da aka yi wayarinsa da siririyar waya ko a ja da doguwar waya ta kasuwa, jan wuta ne mai nauyi na awanni a jere, soket yana narkewa. Kuma yawancin cajojin nan in gidan ba shi da wayar ƙasa mai kyau, wato earth, ko wuta ta zo ba ƙarfi, ƙin aiki suke yi gaba ɗaya. Gidajen haya da yawa a garin nan ba a binne musu wayar ƙasa yadda ya kamata ba.

Na biyu akwatin caji da ake kafawa a bango, mai kilowat 7, ko 11 in gidan yana da layi uku. Mai 7 ɗin yana cika batir 60 a awa tara, wato dare ɗaya. Amfaninsa a wurinmu ba saurin kawai ba ne, shi ne in an kawo wuta ta awa biyu ka kwashi yunit 14 kafin a ɗauke. Amma kilowat 7 ya kai esi biyar ko shida suna aiki tare, dole a ja masa layinsa daban daga mita, kuma in taransifomar unguwa dama da ƙyar take numfashi sai ka yi tunanin maƙwabta.

Na uku caja mai sauri ta kasuwa, daga kilowat 50 zuwa sama. Mai 50 tana kai batir 60 daga kashi 20 zuwa 80 a wajen minti 45. Daga 80 zuwa sama motar da kanta take rage shan wutar don kare batir, shi ya sa ake ba da lissafi zuwa 80 kawai. Kuma saurin ba na caja kaɗai ba ne, kowace mota tana da iyakar da take karɓa, in iyakarta 40 ce ko ka kai ta kan mai 150, 40 ɗin zata sha. Akwai irin waɗannan wuraren a Abuja amma ƙalilan ne, kuɗinsu kuma ya fi na gida nesa ba kusa ba tunda su ma da dizal ko sola suke tallafa wa wutar.

Sai maganar baki, wadda ita ce ta fi ba mutane mamaki bayan sun riga sun biya. Mu nan muna sayen mota daga ko'ina, to kowace ƙasa da irin bakin cajinta. 'Yan China GB/T, 'yan Turai Type 2 da CCS2, 'yan Amurka Type 1 da CCS1, Tesla ta Amurka da nata daban, tsohuwar Nissan Leaf kuma CHAdeMO na Japan. Na cajin gida adafta ba ta da wani tsada. Na caja mai sauri kuwa adaftar tana da tsada kuma ba kullum take yarda ba. Ka je wurin cajin da ya fi kusa da kai ka ga bakin da suke da shi da idonka kafin ka zaɓi mota, ba bayan ba. Mai sayen 'yar Amurka kuma ya duba wayar cajin da ta zo da ita, wasu na wuta mai volt 120 ne kawai, tamu kuwa 230 ce.

To wace wutar?

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya sauko wajen 209, in ka haɗa da haraji ya sake komawa kusan 225 ɗin. Alƙawarin Band A shi ne awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Sauran rukunan yunit ɗinsu bai kai naira 100 ba. Abin lura a nan, mai Band C da ke samun wuta da dare ya fi kowa cin riba, yunit 18 ɗinsa ba zai kai naira 2,000 ba. Matsalar ita ce wutar tana zuwa ne lokacin da motar take gida, ko tana zuwa ƙarfe goma na safe kana ofis? Awannin dare su ne abin ƙirgawa, ba jimillar rana ba.

Janareta kuwa, a nan nake son a saurare ni da kyau. Ƙaramin janareta mai fetur shi ma injin mai ne, asarar nan ta zafi da muka yi magana tana nan, har ta fi ta mota. Lita ɗaya da ƙyar take ba ka yunit 2. Yunit 18 kenan lita 9 ko 10. Wato wanda zai rinƙa cajin motar lantarki da janareta ya sha man da Corolla zata sha, ko fiye, ga ƙara ga hayaƙi ga wahalar da janaretan. A matsayin ceto rana ɗaya-ɗaya ba laifi, amma in shi ne tsarinka to baka bar gidan mai ba, jarka kawai ka ƙara a tsakani.

Sola ita ce amsar da kowa ke kawowa, kuma gaskiya ce amma da sharaɗi. A Abuja fanel na kilowat ɗaya yana ba da yunit 4 zuwa 4 da rabi a rana mai kyau, ya ragu a Agusta da lokacin ƙurar hunturu. Mai buƙatar yunit 11 yana son wajen kilowat 3 na mota kaɗai, fanel shida masu wat 500, ban da na gida. Sai kuma babbar matsalar, rana tana fitowa lokacin da motar ta tafi aiki. Sai dai ka tara a batirin gida ka juye da dare, kuma batirin inbata na 200 ɗin nan da muka sani yunit 2 da ɗan kai yake ɗauka, rabinsa kawai ake so a taɓa. Batirin motar ya kai irinsu 25. Don haka inbatar da ke riƙe maka fanka da talabijin ba zata ciyar da mota ba, wani sabon kashe kuɗi ne na miliyoyi. Wanda sola ta fi yi wa daidai shi ne mai shago ko makaranta ko kamfani da motar ke wuni a inda fanel ɗin yake.

Kuma kar mu manta da Oktoban 2024, lokacin da jihohin Arewa da yawa, har da Filato, suka shafe sama da mako babu wuta saboda lalacewar manyan layuka. Wanda motarsa ɗaya ce tak kuma ta lantarki ce ya sa irin wannan makon a lissafinsa. Ta ɗaya gefen kuma, wasu motocin kamar Atto 3 da Hyundai Ioniq 5 suna iya fitar da wuta daga batirinsu, kilowat 2 zuwa 3 da wani abu, ka jona firji da fanka da fitilu. Batir 60 a cike zai riƙe ƙaramin gida kwanaki. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, ni ina sa shi cikin abubuwan farko da zan duba.

Mu buga lissafin

Mu ɗauka lita naira 900 ce, kai ka sa farashin yau a gurbinta. Mota mai shan lita 9 a kilomita 100, naira 8,100. Ta lantarki a Band A, yunit 18 sau 225, wajen naira 4,000. Rabi kenan. Dattijon namu da ke yin kilomita 1,500 a wata zai rage wajen naira 60,000, a shekara 720,000. Ƙara da cewa babu juyen baƙin mai, babu filogi, babu bel, babu gyaran giya irin wanda muka sani.

Yanzu nawa zai cika a kan kuɗin Camry ɗinsa ya karɓi ta lantarki? In cikon miliyan 15 ne, sai ya yi shekara 20 kafin man da ya rage ya biya shi, batirin ma ba zai jira shi ba. Amma ɗauki direban Bolt ko mai kai kaya da ke yin kilomita 200 a rana, shi a wata yana rage sama da naira 200,000, a shekara wajen miliyan biyu da rabi. Ga wanda lissafin ke yi wa aiki. Shi ya sa ban yi mamaki ba da motocin haya da bas-bas suka riga masu motar gida, kamar yadda muka gani a Maiduguri inda gwamnatin Borno ta sa na lantarki a sufurin cikin gari.

Akwai kuma ta tsakiya da ake mantawa da ita, mai haɗa mai da batir irin su Prius da Camry ko Corolla masu wannan tsarin. Ba a jona ta, da kanta take cajin ƙaramin batirinta da birki da inji, tana shan wajen lita 5 a gari. Naira 4,500 kenan a kilomita 100, dab da ta lantarki a Band A, kuma ba ruwanka da soket, kuma a Apo akwai masu gyaranta. Ga mai zaman gidan haya a bene, ko wanda motarsa ke kwana a titi, ko mai zuwa Kano duk ƙarshen wata, ni a ganina nan ya kamata ya fara dubawa.

Masu cewa a saya yanzu suna da hujja: man ba zai koma 200 ba, gwamnati ta cire wa motocin lantarki harajin VAT a 2024, Habasha ma ta hana shigo da motocin mai a 2024 ɗin, duniya can ta nufa. Kuma ba yau aka fara a nan ba, tun 2021 aka nuna Hyundai Kona da aka haɗa a Legas a nan Abuja, lokacin Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, wanda ya zana Chevrolet Volt, yana shugabancin NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, har suka kafa tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Masu cewa a jira su ma ba ƙarya suke ba: masu gyara kaɗan ne, fitila ko gilashi ya fashe sai an jira daga waje, motar tana da nauyi tana cin taya, kuma ranar sayarwa ba kamar Toyota ba ce da ke tafiya a yini ɗaya.

Batir da zafin garin nan

Abin da ke tsufar da batir zafi ne, da yawan caji mai sauri, da barinsa a cike maƙil ko a ƙasa sosai na kwanaki. Abuja a Maris da Afrilu kowa ya san yadda take. Shi ya sa tambayar da zaka yi ita ce, da me ake sanyaya batirin? Yawancin sabbin motoci da ruwa ne. Tsohuwar Nissan Leaf kuwa ba ta da wannan, iska ce kawai, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda ake zafi sosai, suka fara kuka da saurin raguwar batir. Leaf ɗin ita ce ta fi arha a cikin na hannu da ake shigowa da su, don haka ita ce talaka zai fara cin karo da ita. A allonta akwai sanduna 12 na lafiyar batir daban da na caji, ka ƙirga su. Tsohuwa mai batir 24 da ta zubar da sanduna huɗu, da ƙyar ta yi maka kilomita 80 da esi. A Jos da ake da sanyi zata fi jin daɗi a kan nan.

Sinadarin ma iri biyu ne a kasuwa. LFP, wanda BYD ke amfani da shi, ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma ba ya damuwa da a cika shi ɗari. NMC ya fi ɗaukar wuta a ƙaramin nauyi amma an fi so a tsaya a 80 a cajin kullum. Kamfanoni galibi suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batir, amma motar da wani ya sayo a China ya loda a jirgi da kansa, garantin yana can inda aka saye ta. Ka tambayi mai sayarwa a rubuce, in batir ya samu matsala wa zai ɗauka. Kuma batirin a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe, don haka mai zama a unguwar da ba kwalta, ko inda ruwa ke cin hanya da damina kamar wajen Lokogoma, ya duba tsayinta daga ƙasa sosai.

Wanda yake da ita yana son sabuwa fa?

Akwai 'yan kaɗan da suka riga suka shiga, yanzu suna ganin sabbi masu batir 80 da caji mai kilowat 150 ransu na biyawa. Ga su abin da zan ce gajere ne. Sabuwar ba lallai ta fi taka tattali ba, sau da yawa ma ta fi ci saboda ta fi girma da nauyi, ƙaramar da ke cin 14 ta fi jif mai cin 20 sauƙi a kowace kilomita. Saurin cajin 150 kuma sai akwai cajar da zata ba da shi a hanyar da kake bi, in a gida kake jonawa da kilowat 7, tsohuwar da sabuwar duk 7 ɗin zasu sha. Dalilan da nake ganin sun isa a sauya su ne in batirin ya ragu har baya kai ka aiki ya dawo da kai da saura, ko bakin cajinka irin wanda babu shi a garin ne, ko kana son komawa mai sanyaya batir da ruwa wadda kuma ke iya ba gida wuta.

Shi dattijon namu abin da muka yi da shi mai sauƙi ne. Na ce ranka ya daɗe, kafin a je wurin dila a yi wata ɗaya ana rubuta abu uku a ɗan littafi: kilomita nawa aka yi kowace rana, lita nawa aka sha, da kuma awa nawa aka samu wuta tsakanin ƙarfe takwas na dare da shida na safe. Ya sa ƙaramin ɗansa yana rubuta na wutar, shi yana rubuta na motar. Ya kuma kira mai wayarin ya duba masa wayar ƙasa da layin da zai kai gareji, aka tarar sai an sake ja daga mita. Ya ce in watan ya cika zai kawo littafin mu zauna, kuma duk motar da za a gwada sai an hau da ita titin filin jirgi da esi a kunne an ga abin da allo zai nuna a gudun 110.